Me Habasha ta gane a harkar jirgin sama da mu ba mu gane ba?

Mai Tikiti, Wuse:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun safe. Na zauna a ofis ina duba tikitocin da na yanka wa mutane a 'yan watannin nan: masu zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro kaya, masu kai marasa lafiya Indiya, masu Umara, har da yaran da ke tafiya karatu. Mafi yawansu jirgin Ethiopian na ƙasar Habasha suka hau, ta Adis Ababa. Habasha ba ta haƙo mai kamar mu, ba ta da bakin teku tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993, amma a shekarar kuɗinsu ta 2023 zuwa 2024 kamfanin jirginsu ya kwashi fasinja miliyan 17, ya yi cinikin dala biliyan 7. Kuma na gwamnati ne ɗari bisa ɗari. Mu da muka haura miliyan 200, namu ya mutu tun 2003. Don Allah waɗanda suka san harkar su fahimtar da mu. Ina sirrin yake?

Hajiya Mai Kaya:
Wa alaikumus salam. Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Jirgin yakan tashi daga nan Abuja da rana, mu sauka Adis da daddare. Da ka shiga zauren jira za ka ga kamar an kwaso Afirka gaba ɗaya an zube a wuri guda. Ga 'yan Mali da manyan riguna, ga matan Kwango, ga 'yan Kamaru, ga namu na Kano da Legas da Inugu, kowa riƙe da fasfo yana neman ƙofarsa. Kafin tsakar dare duk an watse, wasu Sin, wasu Dubai, wasu Mumbai, wasu Turai. Da safe kuma sai a juya, waɗanda suka kwana a sama suna dawowa a rarraba su garuruwansu. A jirgin Gwanzu da nake hawa, Habashawan ciki ba su da yawa. Mu ne fasinjan.

Akanta, Garki:
Hajiya kin riga kin ba da rabin amsar. Abin da kika gani shi ne jarin nasu. Zango suka gina, irin na fatake. Ku ɗauki misalin tashar mota. Idan direba ya ce daga Abuja zai yi lodin Gwanzu kai tsaye kullum, ba zai cika mota ba. Na Bamako ma haka, na Duwala ma haka. Amma idan ka kwaso ashirin daga nan, talatin daga can, sha biyar daga wancan gari, ka haɗa su a wuri ɗaya a sa'a ɗaya, sai babban jirgi ya tashi a cike. A wannan sana'a kujerar da ta tashi babu mutum ta tafi ke nan, ba kamar atamfa ba ce da za a mayar kanta a sayar gobe. Kuɗin mai da na matuƙa da na sauka kuwa kusan ɗaya ne, ko jirgi ya cika ko rabi ne.

Ribar kuma siririya ce ƙwarai. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙiyasta a 2025 cewa abin da ke saura wa kamfani a kan kowane fasinja bai wuce kamar dala 7 ba, na Afirka ma dala ɗaya da 'yan kai. Wanda bai iya cika kujera ba, ba zai kai ko'ina ba.

Ƙaramin Cikinku:
Yallaɓai Akanta, to ai Kenya ma tana da irin wannan zango a Nairobi, Afirka ta Kudu na da Johannasbag. Me ya sa su suka sha wahala? Na karanta cewa kamfanin Afirka ta Kudu ya durƙushe a ƙarshen 2019 sai da aka sa shi a hannun masu ceto, na Kenya kuma ya fi shekara goma yana tafka asara.

Baba Injiniya:
Yaro ka yi tambaya mai kyau. Bari in sa baki, don na ƙare ƙuruciyata a gindin jirage, da sifana a hannu.

Zango kaɗai ba ya isa. Ku koma tarihi. An kafa kamfanin Habasha a ƙarshen 1945, jirginsu na farko ya tashi zuwa Alƙahira a watan Afrilun 1946. Sarki Haile Selassie ya ɗauko wani kamfanin Amurka, TWA, ya ce ku riƙe mana, ku koya wa yaranmu. Ba su yi gaggawa ba. Sai a 1971 ɗan ƙasa ya hau kujerar shugabancin kamfanin, shekara 25 ana koyo. Kafin nan sun riga sun buɗe makarantar horar da matuƙa da makanikai, sun gina garejinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne zamanin mulkin soja na Mengistu. Gwamnati ta rungumi gurguzu, ta koma ɓangaren Rasha, amma kamfanin ya ci gaba da sayen Boeing na Amurka, har 767 suka kawo a 1984. Shugaban kamfanin na lokacin, Kyaftin Mohammed Ahmed, ya tsaya a kan cewa a bar su su yi kasuwanci, kuma aka bar su. Sarauta ta faɗi, soja sun zo sun tafi, an yi yaƙe-yaƙe, jirgi bai daina tashi ba.

Ku dubi shugabanninsu na baya-bayan nan. Girma Wake daga 2004 zuwa 2011, Tewolde Gebremariam daga 2011 zuwa 2022, sai Mesfin Tasew daga 2022. Dukkansu a cikin kamfanin suka girma. Mutum uku a shekara ashirin. Namu na Nigeria Airways da aka kafa a 1958, akwai lokacin da yake da jirage wajen talatin. Na ga wannan zamani da idona, jirage masu kore da fari jere a Ikeja da Kano, abin sha'awa. An ma taɓa kawo Turawan kamfanin jirgin KLM su riƙe shi daga 1979 zuwa 1981. Amma duk gwamnatin da ta zo sai ta zo da nata shugaban, kowa ya fara daga farko. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Mai Tikiti, Wuse:
Allah Ya ƙara lafiya Baba. Wato ba mallakar gwamnati ce matsalar ba?

Baba Injiniya:
Ko kaɗan. Emirates na gwamnatin Dubai ne, Qatar Airways na gwamnatin Katar ne. Mallaka daban, tsoma hannu daban. Mai gona yana iya ba manomi amana ya dawo ranar girbi, yana kuma iya tsayawa a kansa kullum yana tuge shuka don ya ga ko ta yi saiwa.

Barista, Gwarinpa:
Da izinin Baba, ni ina da ja a nan. Yabon ya yi yawa, kuma ana mantawa da wani abu. Gwamnatin Habasha ba ta tsoma baki a gudanarwa, na yarda, amma ta killace wa kamfanin gida. Zirga-zirgar cikin ƙasar kusan duk a hannunsa take. Filin jirgin Bole na Adis Ababa ma tun 2017 aka haɗe hukumar filayen jiragen da kamfanin, suka zama gida ɗaya. Wato mai mota shi ne mai tasha. A nan Najeriya ɗan kasuwa zai sayi jirgi da bashin banki mai ruwa sama da kashi 20, ya biya wannan hukuma, ya biya waccan, sannan ya yi gogayya da kamfanoni barkatai a kan hanyar Legas zuwa Abuja. In ka ɗauko shugaban Ethiopian ka ajiye shi a nan da waɗannan sharuɗɗa, ban tabbata zai kai labari ba.

Akanta, Garki:
Barista ka yi gaskiya a nan, kuma ga babban ciwon: dala. Kamfanin gida yana sayar da tikiti da naira, amma hayar jirgi dala, inshora dala, kayan gyara dala, babban gyaran da ake kai jirgi waje dala, horar da matuƙi dala. Man jirgi ma farashinsa na bin dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Bashin da ke kanka ya ninka uku a tsaye, fasinjanka kuwa albashinsa bai motsa ba. Shi Ethiopian yawancin cinikinsa daga waje yake shigowa da kuɗin waje. Mu da Hajiya muke biyan masa bashin jiragensa.

Shi ya sa maƙabartar ta cika: Okada, Kabo, Chanchangi, Bellview, Air Nigeria da ya tsaya a 2012. Arik da ya fi kowa girma a lokacinsa, AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussukan da suka maƙale, ta karɓe shi a Fabrairun 2017. Ba za a ce duk waɗannan mutane ba su iya kasuwanci ba.

Hajiya Mai Kaya:
Duk na ji, amma ku bar ni in faɗi na fasinja. Watannin baya ina da jirgin waje daga Legas da daddare, na sayi tikitin safe na wani kamfanin gida, ba sai na kira suna ba, don in isa da wuri. Tun ƙarfe bakwai muke zaune. Aka ce sha ɗaya, aka ce biyu, aka ce biyar. Wata baiwar Allah kusa da ni da jariri a goye, madararsa ta ƙare, sai ruwan zafi muka roƙa mata a wurin mai shayi. Babu wanda ya fito ya dube mu ya yi mana bayani. Jirgina na waje ya tafi ya bar ni, na yi asarar kuɗin canjin tikiti da kwana biyu na kasuwa. Dala ba ta hana mutum ya fito ya ce ku yi haƙuri ga abin da ya faru.

Baba Injiniya:
Hajiya ki yi haƙuri, abin da ciwo. Rashin bayani ba shi da uzuri. Amma jinkirin kansa ga inda yake fitowa: kamfani mai jirage huɗu ko biyar, ɗaya na gareji a ƙasar waje yana jiran dala, ɗaya tsuntsu ya shiga injinsa, sauran su ne za su yi aikin duka. Jirgi ɗaya zai yi sawu shida a rana, in ya makara a na farko, na ƙarshe sai dare. Ga filaye da yawa da ba a sauka bayan faɗuwar rana, ga hazon hunturu. Mai jirage sama da 140 da garejinsa a bayan gida, in ɗaya ya ƙi tashi sai ya jawo wani.

Ƙaramin Cikinku:
To tunda haka ne, ba mu yi kuskure ba da muka kori maganar Nigeria Air, sabon kamfanin jirgin saman da gwamnati ta so kafawa? Ai su Habashan ne za su riƙe mana, kamar yadda TWA ta riƙe musu.

Barista, Gwarinpa:
Ƙanena, nan ne inda nake da zafi. Ga yadda aka tsara: Ethiopian kashi 49, 'yan kasuwar Najeriya kashi 46, gwamnatin tarayya kashi 5. An fara bayyana sunan a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila a 2018, lokacin Hadi Sirika na minista. Ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, aka sauke jirgi a nan Abuja da fentin Nigeria Air, daga baya ta tabbata jirgin Ethiopian ne, ya kuma koma gida. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙungiyar masu jiragen gida ta riga ta kai ƙara, minista Festus Keyamo ya dakatar da shirin, sannan a Agustan 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke cinikin.

Bambancinsa da TWA a fili yake. TWA ba ta da zango a Afirka da take son cikawa. Ethiopian yana da shi. Wanda ke da tasha a Adis, kana ganin zai gina maka tashar da za ta kashe tasa? Dubi kamfanin jirgin ASKY da suka kafa da abokan hulɗa a Lome ta ƙasar Togo, wanda ya fara tashi a 2010, da hannun jarin da suke da shi a kamfanonin Malawi da Zambiya. Dabara ce mai kyau a wurinsu: ƙananan rafuka da ke zuba a babban kogi. Ba na zarginsu, kowa gidansa yake ginawa. Amma mu ne kasuwa mafi girma a yankin nan, bai kamata mu zama rafi ba.

Akanta, Garki:
Barista a nan mun rabu. ASKY ɗin da ka kawo misali, tun 2010 yake tashi, yana haɗa biranen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma Lome da ba ta kai Kano yawan jama'a ba ta zama mahaɗa, har jirgin Amurka ake hawa daga can. Mutumin Togo ya yi asara? Mu da muka ƙi, me muke da shi a hannu? Yadda aka tafiyar da maganar Nigeria Air a gurguje da rufa-rufa, ban goyi baya ba. Amma asalin tunanin, a kawo wanda ya iya ya riƙe na wasu shekaru da sharaɗin horar da yaranmu da gina gareji a nan, ban ga aibinsa ba. Sharaɗin ne ya kamata mu yi faɗa a kai.

Barista, Gwarinpa:
Mai kashi 5 ba ya kafa wa mai kashi 49 sharaɗi, Akanta.

Akanta, Garki:
Mai ƙasa yana kafawa. Izinin sauka da hanyoyin waje a hannun gwamnati suke, ba a hannun mai jari ba.

Mai Tikiti, Wuse:
Ku bar ni in shiga tsakani da abin da na gani a kan kwamfutata. Lokacin da kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya, sama da dala miliyan 800 a 2023, sai suka rufe mana kujeru masu araha, suka bar masu tsada kawai. Emirates ma ya daina zuwa tun 2022, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Mutum zai zo da kuɗin Landan a hannu, in faɗa masa farashi, ya zauna ya yi shiru. Da Air Peace ya fara Legas zuwa filin Gatwick na Landan ranar 30 ga Maris 2024, cikin 'yan makonni farashi ya sauko. Gaskiya a daidai lokacin Babban Banki ya biya yawancin kuɗin da suka maƙale, wannan ma ya taimaka. Amma na ga amfanin a ce kana da naka a kan hanya. Don haka ina fahimtar Barista.

Sai dai kuma ba zan manta 2017 ba, da aka rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titin sauka, aka mayar da mu Kaduna. Manyan kamfanonin Turai suka ce ba za su je ba. Ethiopian ya je, da sabon jirginsa 787. Fasinjojina da yawa tun daga lokacin ba su sake hawa wani ba. Haka a lokacin korona, da kowa ya ajiye jirage, su suka cire kujeru daga jiragen fasinja suka koma dakon magunguna da kayan asibiti. Suna da saurin juyawa.

Baba Injiniya:
Kuma kada a ɗauka ba su da nasu rauni. Adis tana kan tudu, sama da mita 2,300. Iska a can ba ta da kauri, jirgi ba ya iya tashi da cikakken lodi da cikakken mai zuwa wuri mai nisa, shi ya sa wasu jiragensu na Amurka suke yada zango a hanya. Filin Bole ya cika, dole ta sa suka ɗauko gina sabo a wajen Bishoftu, aikin biliyoyin daloli, bashi ne mai nauyi. Ga Turkiyya da Katar da Dubai suna zawarcin fasinjan nan namu. Ga rikicin cikin gida, irin yaƙin Tigray na 2020 zuwa 2022. Sannan hatsarin 10 ga Maris 2019, da jirginsu samfurin Boeing 737 MAX ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 157 suka rasu, cikinsu har da namu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Bayan wannan ne aka dakatar da samfurin jirgin a duniya baki ɗaya.

Legas da Kano kuwa ba su da matsalar tudu. Kano ma tsohuwar mahaɗa ce, a nan jirgi ya fara sauka a ƙasar nan a 1925, kuma shekaru da yawa jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a nan suke shan mai. Allah Ya ba mu wurin. Amma yau in fasinja ya taso daga Yamai zai wuce Landan ta Abuja, wace ƙofa zai bi ba tare da ya fita ya sake shigowa da kayansa ba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Farin Gada, Jos:
Salamu alaikum manya. Tun ɗazu nake karantawa, ban sa baki ba don ni ban taɓa fita waje ba, kayan gwari nake saye da sayarwa. Amma maganar dakon kaya ta taɓa ni. Na ji an ce furannin da Habasha ke nomawa, jirginsu ne ke kwasa da daddare, da safe suna kasuwar Turai. To mu nan Filato me muka rasa? Sanyin nan muna da shi. Muna noma sitiroberi, koren wake, barkonon Turawa, kabeji, latas, har furannin ma. Shekaranjiya a gabana aka zubar da kwanduna na sitiroberi da suka kwana biyu ba mota mai sanyi. Matar da ta kawo su daga ƙauye ta zauna a kan buhu ta rufe fuska da gyale, ba ta ce komai ba. Ga filin jirgin Yakubu Gowon a Heipang, mun daɗe muna jin za a mayar da shi na dakon kaya. Ni ba ruwana da ko sunan wa ke jikin jirgin, na Habasha ne ko namu, in dai zai sauka ya ɗauka.

Akanta, Garki:
Malam, maganarka ta fi duk tamu nauyi. Can ma ba jirgi ne ya fara ba shi kaɗai. Gonakin furanni da ɗakunan sanyi a filin jirgi da jiragen dakon kaya tare suka taso, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Jirgi ba zai sauka Heipang don kwando hamsin ba. Yana son tan-tan masu yawa, a rana sananniya, kowane mako, an tantance an shirya a kwali yadda masu saye ke so. Kuma yana son abin da zai sauke in ya zo, don kada ya zo fanko. Tambayar da zan yi maka: in kun haɗu ku 'yan kasuwar Farin Gada da manoman Vom da Bokkos, tan nawa za ku iya tabbatarwa duk mako, rani da damina?

Ɗan Farin Gada, Jos:
Wallahi ba mu taɓa zama mun ƙirga ba, kowa nasa yake yi. Amma ranar Asabar muna da taron ƙungiya, zan tayar da maganar a gaban shugabanni.

Mai Tikiti, Wuse:
In kun samu adadin ka turo mini ta akwatina. Akwai masu harkar dakon kaya ta sama da muke hulɗa da su a filin jirgin Abuja, gobe in Allah Ya kai mu zan tambaye su nawa suke cajin kilo zuwa Legas da Dubai, da irin kwalin da suke karɓa. Ko da mota mai sanyi ce daga Jos zuwa nan, a fara gwadawa da ita.

Hajiya Mai Kaya:
Ka tambayo har da na Jidda. Lokacin azumi ana neman kayan lambu sosai a can, kuma ina da wadda za ta karɓa.